Ɗaki a Idon Na'ura: Shirya Hoto Domin Manhajar Tsara Adon Ɗaki

Gabatarwa

Adon ɗaki daɗaɗɗen abu ne a rayuwar ɗan Adam, kuma kowace al'umma da irin nata gwanayen wannan fanni. A ƙasar Hausa akwai mata masu iya jere, akwai magina masu yi wa bango zane, akwai kuma kafintoci masu ƙera gado da kujeru. Dukkan waɗannan sai sun taka da ƙafarsu sun shiga ɗaki, sun ga faɗinsa da tsawonsa, sun lura da inda ƙofa ta fuskanta da inda haske ke shigowa, sa'an nan su ce ga abin da ya dace da shi. To, tun daga shekarar 2022 an sami wata sabuwar mai ba da shawara wadda ba ta shiga ɗaki, ba ta kuma riƙe tef ɗin awo. Ita ce manhajar nan mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda mutum zai ɗauki hoton ɗakinsa da waya ya aika mata, ya zaɓi salon da yake so, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ta mayar masa da hoton ɗakin an sake masa fenti, an sake kujeru, an rataya labule. Daga cikin na farko-farko akwai Interior AI, wadda Pieter Levels, wani mutumin Holan, ya fitar a 1922 da ɗari, watau 2022, da kuma RoomGPT ta Hassan El Mghari da ta biyo baya a 2023.

Ba wasa ba ne kawai, domin mai shirin aurar da 'ya, ko wanda ya kama sabon haya, yana iya ɗaukar hoton da na'ura ta zana masa ya kai wa kafinta, ya biya kuɗin ajo. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana irin hoton da ya kamata a miƙa wa na'urar tun da fari, tare da dalilin da ya sa haka. Dalilin za mu fi ba ƙarfi, saboda wanda ya riƙe shi zai iya fid da ƙa'idojin da kansa.

Abin da Na'urar ke Gani

Mutum na da idanu biyu, yana kuma da ikon karkata kansa ko matsawa gaba idan wani abu ya shige masa duhu. Hoto kuwa shimfiɗaɗɗen abu ne, faɗi da tsawo kawai gare shi. Ta ina ke nan ake gane kusa da nesa a cikinsa? Tambayar ta girmi kyamara da ɗaruruwan shekaru. Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Masar, ya yi bayani a cikin Kitabul Manaziri, da ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, cewa hankali ne ke ƙiyasta nisa, ta hanyar bin abubuwan da suka jeru ba yankewa tsakanin mai kallo da abin kallo, musamman ƙasar da ke shimfiɗe a tsakaninsu. A 1435 kuma Leon Battista Alberti na Italiya ya rubuta wa masu zane ƙa'idar cewa layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa suna nisantar mai kallo sukan zama kamar za su haɗu a wuri guda, tamkar layin dogo ga wanda ya tsaya a tsakiyarsa. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyun, daɓe da layuka, domin su ne jarin na'urar.

Yawancin manhajojin farko aiki biyu suke yi a jere. Da farko sukan tuɓe wa hoton launinsa da adonsa, su fid da ƙwarangwal ɗinsa. Wannan ƙwarangwal yakan zo a siffar taswirar layuka, watau duk inda haske ya yi iyaka da duhu sai a ja layi, bisa dabarar da John Canny ya bayyana tun 1986. Yakan kuma zo a siffar taswirar nisa, inda abin da ke kusa yakan fito fari, na nesa kuma baƙi. Aiki na biyu shi ne zana sabon hoto. Injin zanen yakan faro daga tsaki-tsaki zalla, irin wanda talabijin ke yi idan tasha ta ɗauke, ya yi ta rage shi mataki-mataki har siffa ta bayyana. Shahararren inji irin wannan shi ne Stable Diffusion, wanda ya fito a watan Agusta 2022 daga binciken da aka faro a wata jami'a ta birnin Munik a Jamus. Linzamin da ke tilasta masa bin ƙwarangwal ɗin ɗakin mutum kuwa shi ne ControlNet, wanda Lvmin Zhang da Maneesh Agrawala na Jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana a watan Fabrairu 2023. Manhajojin da kamfanonin OpenAI da Google suka fitar a 2025 suna karɓar hoto da umurni cikin sigar hira, kuma tsarin cikinsu ya bambanta da wancan, amma su ma ɗin hoto ne kaɗai masaniyarsu game da ɗakin.

A nan ne gizo ke saƙa. Na'urar ba ta barin gurbi. Duk inda hoto ya yi shiru, ko don duhu, ko don wani abu ya tare, sai ta cike wurin da abin da ta fi saba gani lokacin da ake horar da ita. Ba za ta kuma sa alamar da za a gane ina ne ta gani, ina ne ta ƙaga ba. Ashe ke nan kyakkyawan hoto a wannan fage shi ne wanda ya rage mata wuraren ƙiyasi, ko da kuwa ba zai burge kowa ba idan an rataya shi a bango.

Inda za a Tsaya

Mafi muhimmancin wuri a hoton ɗaki shi ne kusurwa, inda bango biyu suka haɗu da daɓe, da kuma inda suka haɗu da rufi. Daga nan ne layuka uku ke tashi, kowanne ya nufi nasa ɓangare, kuma da su ake gane siffar ɗakin baki ɗaya. Saboda haka mai ɗauka ya tsaya a bakin ƙofa ko a wata kusurwa, ya fuskanci kusurwar da ke nesa da shi, ya riƙe wayar a kwance, yadda bango biyu ko uku, da daɓe mai yalwa, da ɗan sashen rufi za su shiga. Wanda ya fuskanci bango guda ya cika hoton da shi ya hana na'urar daɓen nan da Ibnul Haisam ya ambata, sai ta rasa ta inda za ta bi ta san nisan bangon.

Sai kuma batun karkata, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa, ya kuma fi wuyar lura. Dogon mutum yakan ɗaga waya daidai idonsa, ya ga daɓe bai shiga ba, sai ya sunkuyar da ita. Da zarar an yi haka, bangayen da ke tsaye sai su buɗe ta sama su tsuke ta ƙasa, ɗaki ya koma kamar bokiti. Idan kuwa aka ɗaga hancin wayar sama, sai su tsuke ta sama kamar rumbu. Idon mutum yakan gyara wannan ba tare da mai shi ya sani ba, don ya riga ya san bango a tsaye yake. Linzamin na'ura kuwa biyayya ce aikinsa: karkataccen layi aka ba shi, a kan karkataccen layi zai ɗora sif da labule. Maganin abin shi ne a saukar da wayar zuwa daidai ƙirji, watau tsakanin mita 1.2 da 1.5 daga ƙasa, a tsayar da ita cak. Kusan kowace waya tana da layukan raga da ake kunnawa a saitin kyamara. A daidaita ɗaya daga cikinsu da gefen ƙofa ko kusurwar bango kafin a danna.

Akwai wata jarraba da ƙaramin ɗaki ke jefa mutum a ciki. Babban idon kyamarar waya yakan ɗauki faɗin da bai wuce digiri 65 zuwa 70 ba, alhali wanda ya tsaya a kusurwa digiri 90 ne ke gabansa. Dole wani sashe ya fita. Sai mutum ya danna alamar 0.5, ya koma kan ido mai faɗi, wanda a wasu wayoyi yakan kai digiri 120. Nan take kowane abu ya shiga, amma da tsada: abin da ke gefe ya miƙe, na nesa ya ƙanƙance, ɗaki mai ƙafa 12 ya zama kamar zauren taro. Na'ura za ta gaskata wannan, ta zuba masa kayan zauren taro. A ganina gara mutum ya ja da baya ta ƙofa har ya fita tsakar gida, ko ya yi hoto biyu daga kusurwoyi biyu ya gwada kowanne dabam. In ya zama ba makawa sai ido mai faɗin, to a tsayar da wayar sosai, a kuma yanke gefe da gefe kaɗan. Hoton zagaye da ake yi ana juya waya ba shi da amfani a nan, don lanƙwasa miƙaƙƙun layuka yake yi. Haka ma salon nan na hoton mutum wanda ke dusashe baya, da kuma duk wani rinin ƙawa da ake ɗora wa hoto.

Haske

Idan aka tuna cewa iyakar haske da duhu ita ake mayarwa layi, sauran bayani mai sauƙi ne. Rana mai ƙarfi da ta ratso taga ta zana murabba'i a daɓe, gefenta kaifi gare shi kamar gefen kafet, kuma ba mamaki kafet ɗin za a zana a wurin. Filasha takan jefa baƙar inuwa bayan kowace kujera, ta kuma bar farin tabo a kan tayil da leda da fenti mai sheƙi, sai na'ura ta ɗauki inuwar nan wani abu ne mai jiki. Haske mai laushi da ya game ko'ina shi ake bukata, irin na hantsi ko na bayan la'asar, ko na ranar da gari ya yi lumshi. A yaye labule, a buɗe ƙofa, mai ɗauka ya sa babbar taga a bayansa ko a gefensa. In ya fuskance ta, ɗayan biyu ne: ko tagar ta ƙone ta zama farin fili, ko ɗakin ya zama kogo, domin kyamara ba ta iya riƙe tsananin haske da tsananin duhu a lokaci guda kamar yadda ido ke yi.

Haske kuma launi gare shi, ana auna shi da ma'aunin Kelbin. Hasken rana tsaka yakan kai wajen 5500, tsohon ƙwan fitila mai zare kuwa wajen 2700, shi ya sa yake ja-ja. Idan aka haɗa su, sai farin bango guda ya fito rabi ruwan ɗorawa rabi shuɗi-shuɗi, kamar an yi masa fenti iri biyu. A zaɓi ɗaya. Ƙwayayen nan masu launin shuɗi ko kore da ake sa wa ɗakin kwana a kashe su, a kashe talabijin, a tsayar da fanka don kada fikafikanta su zama hayaƙi a rufi. Inda haske ya yi ƙaranci, kyamara takan jinkirta rufe idonta, sai rawar hannu ta dama layuka. A jingina wayar da gefen ƙofa, ko a ɗora ta a kan wani abu a sa ta ƙirga uku ta ɗauka da kanta. A lokacin hunturu kuwa, kafin kome a goge idon kyamarar da tattausan ƙyalle, don ƙura da maiƙon yatsa su ne ke sa hoto ya yi hazo.

Me za a Kwashe, Me za a Bari?

Manyan kaya, irin su gado da kujera da ƙofa, suna taimaka wa na'ura ta san girman ɗaki. Ƙananan tarkace kuwa, takalma da wayoyin caji da buta da jakunkunan da aka rataya a ƙusa, layuka ne barkatai da za ta nemi yadda za ta fassara. A kwashe su, musamman waɗanda suka rufe gindin bango. Gidan sauro a naɗe shi sama, domin abu ne da ake gani ana kuma ganin bayansa, taswirar nisa takan rikice a kansa. Madubi ya fi shi sharri. Abin da ke cikin madubin sif, a wurin na'ura, wani ɗaki ne ko wata ƙofa, kuma tana iya buɗe hanya a inda babu. A rufe shi da farin zane, ko a gusa har ya daina nuna taga da mai ɗaukar.

Wannan shawara ta a kwashe tarkace tana da wata matsala idan aka zo ɗakin Bahaushiya, wadda ya kamata a ɗan dakata a kanta. An horar da Stable Diffusion da hotunan da aka tsamo daga rumbun LAION-5B, mai ɗauke da hotuna fiye da biliyan 5 da aka kwaso daga intanet, kowanne da ɗan rubutun bayaninsa, kuma fiye da biliyan 2 daga ciki bayaninsu da Ingilishi yake. Ɗakunan da suka cika irin wannan rumbu su ne na mujallun Turai da Amurka da na 'yan kasuwar gidaje, inda bango fayau da kaya kaɗan su ne alamar tsari. A wurinmu kuwa jere, watau kwanuka da tasoshi da tangaran da aka shirya sahu-sahu a kabad, shi ne adon kansa, shi ne kuma shaidar ƙoƙarin iyayen amarya. Na'ura na iya ganin wannan sahu ta mayar da shi kantar littattafai, ko ta share shi ɗungum. Don haka mai ɗakin ce za ta yanke shawara tun kafin a ɗauki hoto. In ana son jeren ya tsaya, a ɗauke shi daga inda gilashin kabad ɗin ba ya walƙiya, a kuma yi amfani da manhajar da ke barin mutum ya shafa iyakar wurin da yake son a canja, sauran a bar shi yadda yake.

Haka zancen yake game da soron ƙasa. Bangonsa ya fi kauri ta ƙasa, kusurwoyinsa a dunƙule suke, rufinsa kuma in na daurin guga ne, bakunan gizo ne ke tasowa daga bango su haɗu a tsakiya, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai maƙura a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Manhajar da ke neman miƙaƙƙun layuka kaɗai ba za ta sami abin kamawa sosai a nan ba, sai ta shafe bakan ta shimfiɗa silin. Ga irin wannan ɗaki, a ja baya yadda bakan zai fito tun daga gindinsa har ƙololuwa, a bar haske ya zo daga gefe don tudu da kwarin zanen bango su bayyana, in kuma manhajar ta ba da zaɓi, a zaɓi bin taswirar nisa. Rubutaccen umurnin da ke rakiyar hoton ya siffanta abin dalla-dalla. Kalmar daurin guga ko azara ita kaɗai ba lalle ta isar da saƙo ba, sai an ce rufi ne na ƙasa mai baka, kada a taɓa shi. Abin lura ne ga ɗalibin harshe cewa muna da sunan kowane sashe na wannan gini, amma sai mun warware sunan ya koma siffantawa kafin inji ya fahimta.

Aikawa

Ba a bukatar waya mai tsada. Hoton waya na yau da kullum yakan kai ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsaye, alhali Stable Diffusion na farko a kan ɗigo 512 yake aiki a kowane gefe, wanda ya gaje shi a watan Yuli 2023 kuma 1024. Watau ƙanƙance hoton za a yi ko ta yaya, kuma ƙananan abubuwa irin su soket da makunnin fitila na iya ɓacewa. Abin da ke tsira shi ne tsabtar layi. Shi ya sa hoton da ya bi ta WhatsApp, inda ake matse shi, ba ya kai na asali. A tura shi a matsayin fayil, ko a ɗora shi daga wayar da ta ɗauka. A kuma bar ɗan sarari a gefuna, saboda wasu manhajojin sukan datse hoto.

Ɗaki sirri ne, balle ɗakin matar aure, wanda baƙo namiji iyakarsa zaure. Hoton da aka ɗora yana tafiya ne zuwa kwamfutocin wani kamfani, galibi a wata ƙasa, kuma idan an bar saitin wuri a kunne, fayil ɗin na iya ɗauke da lambobin da ke nuna daidai inda gidan yake. A kashe wannan saiti, a sauke hotunan iyali da takardun shaida daga bango, kada mutum ko yaro ya shiga ciki, a duba abin da kamfanin ya ce yana yi da hotunan jama'a. Ɗakin da ba na mutum ba, ko da na matarsa ne ko na mahaifiyarsa, a nemi izini.

Awo

Ko an cika dukkan waɗannan sharuɗɗa, hoto guda ba ya ɗauke da awo. Ɗakin 'yar tsana da aka ƙera da kyau, in aka ɗauke shi daga kusa, zai fito daidai da ɗakin gaske. Na'ura na ƙiyasta girma ne daga abubuwan da ta san tsayinsu, shi ya sa yake da kyau ƙofa, wadda yawanci takan kai ƙafa 7, ta fito cikakkiya a hoton. Wasu wayoyin Apple tun daga 2020 suna da ma'aunin nisa mai aiki da haske, kuma manhajar IKEA Kreativ da ta fito a 2022 takan sa mutum ya ɗauki ɗakin ta fuskoki da dama don ta sami awo, amma manhajar da aka ba hoto ɗaya tak ba ta da wannan gata. Kafin a je wurin kafinta sai a ɗauko tef. A ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, wanda na'ura ta zana masa gado, da doguwar kujera a ƙarshen gadon, da ɗan tebur a tsakani, abin gwanin sha'awa. Gadon ya ci ƙafa 6, kujerar ta ci 3, teburin ya ci 2. Saura ƙafa 1, ga kuma ƙofa mai buɗewa ciki da ke bukatar ƙafa 3.